Mai Tausar da ke Tambaya

A tashar Dakoro, ana jiran motar Sabon Maci ta cika. Wata tsohuwa ta juyo ta dubi matar da ke kusa da ita, wadda ta ce daga Maraɗi take, wurin tausa.

"Tausa har Maraɗi? Masu ƙafa sun ƙare a garinku?"

"Inna, wagga daban ce. Kafin matar ta taɓa ni, sai da ta tambayi aikin da nike yi da gefen da nike kwanciya. Da na ce kullum ina jan guga, sai ta fara da kafaɗa."

"Oho, hira kika tahi yi. Mu a Azagor rub da ciki za ki kwanta, Dela mai tausa ta shafa miki man shanu, ta hau bayanki da dugadugai. Mai ciwon wuya da mai ciwon ƙugu, duk taku ɗaya ne."

"In da zafi fa?"

"Ki cije zane mana. Ke jinjira ce?"

"Ita tana dannawa tana cewa, nan ne? In na ce ya yi yawa, sai ta sassauta."

"Ji sakarci! Mai magani na neman izinin maras lafiya!"

Tsohuwar ta yunƙura za ta gyara zama, ta kasa, ta dafe ƙugu.

"Inna, ke ina ke miki ciwo?"

"Ke ma kin koyo surutun nasu." Ta nuna ƙugunta. "Nan, ta hagu, tun da Dela ta taka ni bara. Wace unguwa kika ce take?"