Ja da Baƙi a Jikin Mai Dokunu

Ni dai sanyin na'ura ke kai ni gidan nunin zane na unguwar Osu, ba ilimi ba. Ina fakewa gaban wani zane, fuskar mace sau huɗu cikin launuka masu kashe ido, sai ga Maame Pokuwa, mai sayar mana da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, a unguwarmu, ta tsaya kusa da wani mai tabarau.

"Dubi ta huɗun nan, Maame," in ji shi. "Jan tufarta jinin talaka ne, baƙin kuwa..."

"Jinin wa? Buɗe idonka, ɗan nan, fuskata ce!"

"Ba ke ba ce, alama ce. Uwar Afirka ke nan."

"Uwarka dai! A garinku yaushe ake sa ja da baƙi?"

"Ranar makoki, amma a fasahar zamani..."

"To mijina Kwadwo yana nan da ransa! Yayarsa ta ga zanen a waya, ta kira daga Kumasi tana kuka. Yau kuma cewa take fatan mutuwa nake masa in ci gida. Sai an sauke abin nan!"

"Ba a sauke fasaha don surutun dangi."

"Kai za ka zauna gaban dangin ran Lahadi? Da tabarau kamar gindin kwalba!"

"Ki duba ruwan ɗorawar nan, zinariyarmu ce da aka sace."

"Zinariyar gidanku! Bokitina ne!"

Na sulale kafin a sa ni shaida. A bakin ƙofa na tarar da Kwadwo sanye da riga mai fuska ta huɗun, yana sayar wa Turawa irinta.