Rabon Tursun na Gurasa

"Kai ka ɗaure masa ciki!"

A kasuwar tsuntsaye ta Margilan, wata tsohuwa ta dire kwando da kunkuru a ciki gaban mai sayar da abincin dabbobi.

"Kwana goma sha ɗaya bai yi kashi ba, tun ranar da na sayi garin abincin nan naka."

"Haba Inna, ai ko ledar ba ki buɗe ba."

"Ganinta ma ya isa."

"To me yake ci?"

"Abin da mutum ke ci mana. Gurasa jiƙe da shayi mai madara, kowace safiya."

"Gurasa? Kunkuru fa! Ganye yake ci, Inna. Da ma haka ake ba shi?"

"Mijina Tursun ke kula da shi. Shekara talatin yana tsinko masa wani ganye a bayan katanga, ban taɓa tambaya ba. Tun da ya rasu hannuna ya ƙi daina zuba kofi biyu. Zubarwa zan yi? Rabonsa nake ba kunkurun."

Mutumin ya ɗaga kunkurun a hankali.

"Allah ya ji ƙansa. Ki zaunar da shi cikin ruwan ɗumi, kada ya kai masa hanci. Ki gurza masa kabewa. In jibi shiru, sai likitan dabbobi. Shayin kuwa, ki kira maƙwabciya."

"Maƙwabciya ba ta iya sauraro kamar wannan ba."

Ta lulluɓe kunkurun da gyalenta.

"Mutum ya tafi bai gaya min sunan ganye ba. In wannan ma ya bi shi, wa zai saurare ni? Faɗa min, ɗan nan, wa?"