Kyautar Kakana Ce Ke Sandarar da Kwamfutarmu

Assalamu alaikum. Shugaban wanga taro Malam Abdussamadu, uban ƙungiya kuma kakana Alhaji Dikko, iyaye, malamai, 'yan uwana matasan Nassarawa, da baƙinmu da sunka taho daga Argungu da Ambursa, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da anka ba ni, Hodi, dama, ko da yake na ga wasu sun kama dariya tun ban buɗe baki ba. Ku aje ta. Yau rai ɓace nike.

Na farko, kun san babbar kwamfutar ɗakin intanet na ƙungiyarmu, wadda sauran ke rataye gare ta. Tun bayan Sallah take sandarewa. Ana tsakar aiki sai ta ƙame, ita da 'ya'yanta duka. Munka zargi wuta, munka zargi janareta, munka zargi zafi, har wasu sunka ce Hodi ne ke wasa da waya. Alhali ƙanwata Zakiyya da sa'o'inta na nan tsaye cikin rana, ranar Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa, ba a shigar da sunansu ba!

Na biyu, ni allo kaɗai na yi, amma ina da kunne. Injiniya Labbo ya faɗa wa kwamiti tuni: kati biyu ne na haɗi cikin na'urar, tsoho da sabo, suna rigima kan hanya guda. In sunka yi karo, komai ya tsaya. Na ce, "Labbo, maganin fa?" Ya ce, "A zare sabon." Na ce, "To, zare mana!" Ya ce, "Rufa mini asiri, tsarabar Alhaji ce daga Makka."

Jama'a, kun ji! Kun ji kunyar Alhaji, ba ku ji kunyar 'yan matan da ke komawa gida da kuka ba. Kun ji nauyin kyauta, ba ku ji nauyin shekarar da za su rasa ba. Kunka yi ta zama, kunka yi ta shan shayi, ba wanda ya iya cewa uffan.

Na uku, ni jika ne, tsakanina da wanga tsoho babu kunya. Yau da safe na tsaya kan Labbo sai da ya zare shi. Tun sannan na'ura ba ta ko yi tari ba, kuma an fara shigar da sunaye.

Tsoho, ga katinka nan cikin aljihuna. Da alheri ka bayar, Allah ya saka maka. Ka aje shi kusa da haƙoranka na roba, can ba wanda zai yi rigima da shi.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba kwamiti baki, ya maida kowa gida lafiya. Na gode.