Kan Jirgin Baba Eli da Hannun Ƙauna

Mai girma shugaban wannan zama, Dokta Sharfaddeen. Shugabar iyaye mata, Hajiya Bilqis. Malamanmu da fastocinmu. Iyaye da suka baro unguwannin Sri Petaling da Jalan Semarak cikin wannan ruwan sama. Baƙonmu na musamman, Baba Eli. Da ku yarana na ajin Asabar, masu zamewa a kan kujera saboda ƙanshin shinkafa: ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga ƙungiyar 'yan Arewa ta Pantai Dalam da ta ba mu wannan ɗaki shekara guda, da iyaye da suka yarda 'ya'yansu su riƙe ƙarfen narka dalma a gabana.

Abu na farko, bari in faɗi abin da ke kan teburin nan. Ƙaramin layin dogo ne, na wasa. A tsohon tsari, in ka ƙara wuta a layi, duk jirgin da ke kai sai ya ruga. A sabon tsari kuwa, ana saka wa kowane kan jirgi wata 'yar na'ura da ba ta wuce farcen babban yatsa ba, ana kiranta dikoda. Ita ke sauraron umarni. Kowane jirgi da lambarsa. Ka kira shi ya amsa, sauran su tsaya. Abin da muka koya bana ke nan.

Abu na biyu ya fi tsawo, kuma saboda shi na tsaya a gabanku.

Baba Eli, ga shi nan a gaba, ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa daga Kafancan. Ya zo ƙasar nan wajen 'yarsa, Dokta Anita, don a duba masa ido. A jakarsa ya taho da wannan koren kan jirgin wasa, wanda abokan aikinsa suka ba shi ranar da ya yi ritaya. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Jikarsa Ƙauna, 'yar shekara goma sha uku, a nan aka haife ta, kuma 'yar ajinmu ce. Ya yi mata Hausa, ta mayar masa da Turanci. Ya yi mata tsiya, ta ce "lah" irin ta 'yan ƙasar nan, ta shige ɗaki.

Ranar da ya kawo jirgin ajinmu, na gaya masa gaskiya. Na ce, "Baba, ba zai yi tafiya a layinmu ba sai da dikoda. Sai an buɗe cikinsa, an yanke wayoyin da ke kai wuta ga ɗan injin da ke juya ƙafafu, an raba injin da gangar jiki gaba ɗaya. In aka bar ko da silin waya ɗaya yana taɓawa, dikoda za ta ƙone, kuma tana iya tafiya da injin. Irin wannan injin kuwa an daina yin sa."

Ya naɗe jirginsa a tawul, ya ce, "Malam, ka riƙe na'urarka."

Asabar uku yana zuwa, yana zama a can kusa da taga, jirgi a cinya, yana kallon na yara suna zagayawa. Ban sake yi masa maganar ba. A Asabar ta huɗu ya kira ni. Ya ce, "Na ga hannun kowa a ɗakin nan. Kai kana da sauri. Waccan amaryar tawa da ba ta gaishe ni, ita ce take duba abu sau biyu. Ita za ta yanke."

Ƙauna ta ce, "Ni? Kaka, in ya ƙone fa?" Jama'a, wannan ce jimlar Hausa ta farko da na taɓa ji daga bakinta.

Ya ce, "In ya ƙone, na sake ki."

Ta ce, "Boleh," wato "to" da yaren ƙasar nan. "Dama wa ke son tsoho?"

Ta kwance kusoshi huɗu ta jera su a faranti. Ta yanke wayoyi, ta shimfiɗa salatif a ƙarƙashin injin, ta auna da mita har sau uku. Sai ta haɗa wayoyin dikoda: ja da baƙa zuwa ƙafafun da ke ɗaukar wuta daga layi. Ruwan goro da ruwan toka zuwa injin. Baba ba ya ganin ƙananan wayoyi, don haka kowace ta ɗauka sai ya ce, "Wace ce wannan?" Dole ta faɗa masa launin da Hausa. Ruwan toka ya ba ta wahala. Ya sa ta maimaita har ta ji haushi.

Muka ɗora shi a layin gwaji mai ƙaramar wuta. Babu hayaƙi, babu ƙauri. Muka mayar da shi babban layi, ta murɗa maɓallin gudu, jirgi ya fizga da gudu. Yara suka yi ihu, ni ma na yi tafi. Baba kaɗai ya ɓata rai.

Ya ce, "Wannan ba jirgi ba ne, ɗan akuya ne. Da haka nake tashi, da na zubar da mata da tulunansu tun daga tasha."

Ni da nake koyar da lantarki, ban taɓa kula da wannan ba. A cikin dikoda akwai wurin da ake saita yadda jirgi zai ɗauki gudu a hankali. Littafi ya ba da lamba. Baba ya ce bai san littafi ba. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa kamar yana riƙe da abin tuƙi, yana ƙirga yadda ƙarfe ke jan ƙarfe. Ƙauna tana ƙara lamba, yana cewa, "Da saura." Sau bakwai. A na takwas jirgin ya motsa kamar mai nauyin kaya, ya ja jiki, ya miƙe. Baba ya cire tabaransa yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Abu na uku gajere ne. Ranar Alhamis Baba zai koma gida. Jiya na kawo kwali in shirya masa jirginsa. Ya ce, "Bar shi, ya samu direba. Amma direba yana ba da rahoto. Kowace Asabar ta kira ni ta faɗa mini yadda ya tashi, kuma ba da Turanci ba." Ƙauna ta ce ta ji, da sharaɗin ya daina kiranta amarya a gaban mutane. Har yanzu bai amince ba.

Allah Ya kai Baba Eli gida lafiya, Ya ƙara masa hasken ido. Allah Ya jiƙan abokan aikinsa. Allah Ya raya mana yaran nan, Ya daidaita hannayensu, Ya bar harshen iyayensu a bakinsu. Allah Ya mayar da kowa masaukinsa cikin aminci.

Ƙauna, layi naki ne. Na gode.