Na'ura Ta Cika

A tashar motar garin Pleven, Tsvetan na duƙe kan kwamfutarsa, wata tsohuwa na leƙensa.

"Ɗana, wannan fuska, mutuwa aka yi?"

"Na'urar wurin aikinmu ce, Iya. Ayyukan da take ɗauka lokaci guda suna da iyaka, ta cika. Ko umarnin tsayar da su bai samu wurin shiga ba. Sai na je Sofiya na kashe ta da hannu."

"Wa ya sa iyakar?"

"Ni. Maigida ya ƙi sayen babba."

"Ni ma can za ni. Shafin intanet na asibitin can ya ƙi buɗewa, ga mijina na jiran ranar tiyata. Allah ya isa! Kai a ina kake aiki?"

Tsvetan ya rufe kwamfutar kafin ta hango tambarin asibitin a kanta.

"Banki, Iya."