Tuwon da Ke Hucewa a Cikin Littafi

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sanda tela, daga Dakoro.

Kwanan nan abokina ya tura mini littafin saurare a salula, labarin fataken gishiri tun kafin zuwan Nasara. Labarin da daɗi, amma ba shi ya riƙe ni ba. Mai karatun a gidansa ya ɗauki muryar. Ana tsakiyar faɗa da 'yan fashi, sai aka jiyo wata mace daga nesa ta ce, "Malam, tuwon fa yana hucewa." Ya ce, "Ina zuwa," ya ci gaba da karatu.

Wallahi sai da na tsayar da keken ɗinki. Tun rasuwar mai ɗakina bara, ba wanda ya kira ni cin abinci. A bakin tasha nake saye, in ci ni kaɗai. Har yau ban san yadda fataken suka ƙare ba, wurin nan nake ta maimaitawa.

In mai karatun yana jin shirin nan, ina gaishe shi. Don Allah, in ta sake kira, ya ajiye littafin ya je. Fataken za su jira.