Sunan Ƙarshe da Kawu Dalhatu Yake Kira a Bakin Kanal

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Liman. Shugabannin manoman rani da suka taso daga Kura da Bunkure da Kadawa, sannunku da hanya. Gwaggo Luba, uwarmu, uwargidan marigayi, da Yusuf da Aziza, 'ya'yan marigayi, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Sunana Abdulmumin. An tsayar da ni a wannan addu'ar arba'in ba don na iya magana ba, sai don ni aka damƙa wa makullin ƙofar ruwan kanal bayan Kawu Dalhatu. Shekara talatin da biyar yana riƙe da shi. Ni kwana arba'in kawai na yi, kuma wallahi ya yi mini nauyi.

Ya kasance mutum mai gaskiya a rabon ruwa. Mai kadada goma da mai fegi ɗaya, kowa sai layinsa ya zo. Ya kasance ba ya ƙin zuwa suna, amma ba nama ke kai shi ba. Zai tsaya a zaure ya ce, "Me aka sa wa yaron?" A faɗa masa, ya maimaita sau biyu, ya juya ya tafi. Gidan Musulmi, gidan Kirista, gidan waɗanda ke kan al'adar kakanni, duk yana zuwa.

Baƙinmu, ga dalili. Kanal ɗinmu ƙarami ne, ranar Alhamis ake sako masa ruwa. Sauran kwanaki a bushe yake, kuma nan ne filin wasanmu. Kafin Kawu ya murɗa ƙarfen ƙofar, sai ya tsaya a kai ya kira yaran garin nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ka hau gaɓa ka ce "Na'am!" ya gan ka da idonsa. Haka muka tashi. Har gobe ɗan garin nan, ko a Kano yake aiki, in ka kira shi, da ƙarfi yake amsawa, har mutane su waiwayo.

Amma akwai sunan da yake kira a ƙarshe. "Laraba!" Babu Laraba a cikinmu. Sai ya karkata kai, ya yi shiru. Mu ma mu yi tsit, tsigar jikinmu na tashi. Can sai ya ce, "To, ta hau." Sannan ya buɗe. Mun sha cewa aljana ce. In yaro ya yi rashin ji, uwarsa ta ce za ta haɗa shi da Laraba. Manya kuwa in ka tambaya, sai su ce je ka yi wasanka.

Ina ɗan shekara shida, wata Alhamis da rana tsaka, ya kira sunana. Wani ya ce, "Ya bi babarsa kasuwar Bunkure." Kowa ya yarda. Ya kira Laraba, ya karkata kai. Shiru. Ya sake kira. Sai ya zare makullin ya sa a aljihu. Tumatir kuwa ya yi yaushi, manoma na tsaye da fartanya. Alhaji Abdulsamad, ga ka nan a sahun gaba, ba zan maimaita abin da ka faɗa ranar ba, akwai Liman a wurin. Kawu dai ya ce, "Ba ta hau ba. Ba zan buɗe ba."

Ya sauka cikin kanal ɗin yana tafiya a ƙasa, yana leƙa kowane kwalbati. A na uku ya same ni. Ban bi babata ba, inuwa na shiga barci ya ɗauke ni. Ya jawo ni ta ƙafa, ya tsinka mini mari, sannan ya rungume ni yana kuka. Jama'a, duk abin da na zama, daga cikin kwalbatin nan aka ciro shi.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na samu ƙarfin tambayarsa. Bayan la'asar ne, Gwaggo tana yi masa fifita. Na ce, "Kawu, wace ce Laraba?" Ya ce, "Ƙanwata ce." Shekarar da aka gama haƙa kanal, yana ɗan shekara goma, ita tana huɗu. Aka bar masa ita. Ya zaunar da ita a cikin ramin kanal ɗin, ya hau gaɓa ya karyo mata kara. Ya ce, "Abdulmumin, sama fes, ko gajimare babu. Tun kakanninmu, wa ya taɓa tsoron ruwa da rani? Mu ruwan sama muka sani." An yi shelar za a sako ruwa, amma babu wanda ya gane cewa kogi zai iya zuwa ranar da mutum ya sa masa. Kafin ya juyo, ruwan ya zo ya tafi da ita. Ba a ga gawarta ba.

Na ce, "Kawu, amsawa take yi?" Ya ce, "A'a. Hawanta nake ji. In akwai yaro a ciki, ba ta hawa."

Da ya rasu na je wurin Malam Liman, na ce shin in ci gaba da kiranta? Malam ya ce mamaci ba kira yake buƙata ba, addu'a yake buƙata. Gaskiya ya faɗa, kuma na bi. Alhamis biyar ina kiran yara, ina bin kanal da ƙafa kwalbati bayan kwalbati, in buɗe. Ban kira ta ba. Ba abin da ya faru, alhamdu lillahi.

Alhamis ɗin da ta wuce na dawo gida, 'yata Muhsina, shekararta biyar, tana wanke ƙafa a bakin randa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baba, me ya sa ba ka kiran yarinyar nan?" Na ce wace yarinya? Ta ce, "Wadda ba ta da takalmi, mai zama da mu a ƙasa. Mu in ka kira mu muna hawa. Ita tana ta jira. Kullum ruwan yana samun ta a ciki."

Na sani, jama'a. Yaro yana faɗin abin da ya ga dama, kuma ta sha jin sunan a bakin Kawu. Amma tun ranar nake ta juya maganarta.

Gwaggo, ki yi haƙuri na buɗe abin da kika rufe shekara da shekaru. Yusuf, Aziza, mahaifinku bai bar muku dukiya mai yawa ba, amma ku duba taron nan. Rabinmu yaran da ya ƙi buɗe wa ruwa ne sai ya ga fuskarsu. A zamaninsa kanal bai ci yaro ko ɗaya ba. Ina roƙonku izini in ci gaba da kiran gwaggonku Laraba. Allah ya gafarta Malam, ban saɓa maka ba. Ka yi mata addu'ar, ni kuma ka bar ni in kira.

Mun gode wa duk wanda ya baro shukarsa ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan Kawu Dalhatu, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da gonakinmu. Allah ya haɗa shi da ƙanwarsa a inda babu tsoro. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.

Jibi Alhamis. Duk wanda ya ji zai iya, don Allah ya zo ya tsaya kusa da ni a bakin ƙofar. Zan kira ta, kuma ban san me zan yi ba in ban ji ta hau ba.